Tarwaɗar Wudil a Farantin Amurka

A makon jiya na yi muku alkawarin ci gaba da batun tsadar takin zamani, to amma ku yi mini afuwa, wata magana ta gitta. Maganar ciki ce, ita kuwa ba ta iya jira.

Ɗan wana ne ya dawo daga Amurka bayan shekara uku yana karatun injiniya a Baton Ruj, babban birnin jihar Luwiziyana. Da ya gama zagayen gaishe-gaishe a Indabo, ya miƙa wa kowa tsarabarsa, sai ya same ni a zaure ya durƙusa ya ce, "Baffa, kai taka tsarabar ba ta shiga jaka. Ranar Laraba zan kai ka birni ka ɗanɗana irin abincin da na yi shekara uku ina ci." Ya ce an buɗe wani gidan abinci a Kano, mai shi ya daɗe a can, kuma yana dafa irin girkin kudancin Amurka, musamman na wasu mutane da ake kira Kejun.

Na ɗan yi jim. Ni dai na tashi a gidan da ake ganin in magidanci ya zauna a gidan abinci a garinsu, tamkar ya yi shela ne cewa ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Amma yaro ya yi niyyar alheri, kuma gani ya kori ji. Na ce Allah Ya kai mu.

Wurin yana kan wani layi marar hayaniya a unguwar Nassarawa. Ƙofar gilashi, sanyin na'ura, ga wani saurayi da farar riga ya tarbe mu da "Sannunku da zuwa, ranka ya daɗe," ya ja mini kujera. Ya kawo takardar jerin abinci, na duba daga sama har ƙasa ban ga sunan da na sani ba. Ɗan nawa ya ce a fara kawo mana gambo. Na waiga ina neman wanda ake kira. Na ce, "Wane Gambon? Ko mai girkin ne?" Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai sunan miyar ke nan.

Aka kawo ta a kwano mai zurfi, launinta kamar na ƙasar fadama bayan ruwa, da tsokar kaza da jatan lande, an ɗora curin shinkafa a tsakiya. Na sa cokali na ɗaga, sai na ga yauƙi ya biyo shi. Na kai baki. Jama'a, miyar kuɓewa ce. Ta dai je Amurka ta dawo da wani lafazi, amma ko a duhu na haɗu da ita zan gane ta. Bayanta aka kawo kifi, an cire kai, an zare ƙaya, an birkiɗa shi a garin masara da yaji aka soya. Tarwaɗa ce, 'yar gida. A gefe ga shinkafa da wake, ga wani ganye da aka dafa har ya yi laushi, ɗan uwan rama ko zogale.

Kada in ci amanar gishirin mutane, abincin ya yi daɗi. Wurin tsaf yake, an kuma girmama mu. Sai dai da aka kawo takardar kuɗi na saci kallo, abin da yaron nan ya biya ya isa cefanen gidana na mako guda har a dawo da canji. A hanyarmu ta komawa na kasa yin shiru. Na ce, "Yanzu kai kuɓewa da tarwaɗa ka tsallaka teku ka je ka ci?" Ya ce, "Wallahi Baffa, ranar da na fara cin ta a can sai da na yi ƙwalla, don Gwaggo na tuna."

Wannan magana ita ta sa na koma na bi diddigin abin, ga kuma abin da na samo.

Su Kejun asalinsu Faransawa ne manoma da masunta da suka zauna a wani yanki na gabashin Kanada mai suna Akadiya. A 1755 Ingilishi suka kore su, suka ƙone musu gidaje, suka watsa su a jiragen ruwa. Wasu daga cikinsu suka gangara har kudancin Luwiziyana, ƙasar fadamu da ƙoramu a kusa da inda kogin Misisipi yake shiga teku. Talakawa ne liƙis. Abin da ruwa da daji suka ba su shi suke jefawa a tukunya ɗaya, su zuba albasa da tattasai da barkono. Sun kuwa tarar da wasu a wurin. Akwai 'yan asalin ƙasar, irin su ƙabilar Cokto, akwai kuma baƙar fata da aka kwaso daga Afirka ta Yamma.

Faransawa sun kafa birnin Niyu Oliyans a 1718. Shekara ɗaya bayan haka, a 1719, jiragen bayi na farko suka iso daga Wida, a gabar ƙasar Benin ta yau. An umarci matuƙan jiragen su sayo irin shinkafa, su kuma zaɓo bayin da suka iya noma ta. Masaniyar tarihi Gwendolyn Midlo Hall ta nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na bayin da Faransawa suka kai Luwiziyana daga yankin Senegal da Gambiya aka ɗebo su, wato ƙasar da ta san shinkafa tun kafin Bature ya san hanyar zuwa. Ita shinkafar Afirka, a fadamun kogin Kwara na ƙasar Mali aka fara noma ta, shekaru dubbai da suka wuce.

Waɗannan bayin Allah an raba su da iyaye da harshe da suna, amma ba a iya raba su da abin da hannunsu ya iya ba. Kalmar gambo kanta daga sunan kuɓewa ta fito a harsunan yankin Angola da Kwango, kuma har gobe 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram in suna Faransanci, gombo suke ce wa kuɓewa. In babu kuɓewa, mutanen Luwiziyana sukan kaɗa miyar da garin busasshen ganyen wata bishiya mai suna sasafaras, wanda suka koya daga Cokto. Duk wanda ya taɓa ganin an kaɗa kuka ya san dalilin da ya sa matar da aka kwaso daga yankinmu ta karɓi wannan gari hannu bibbiyu. Shinkafarsu da ake kira jambalaya, wadda ake haɗa ta da nama da kayan miya a tukunya ɗaya, dafa-duka ce. Farin wake mai baƙin ido da mutanen kudancin Amurka suke dafawa da shinkafa ranar farko ta sabuwar shekara don fatan arziki, shi ne waken da ake aunawa a Dawanau da Darki, wanda Najeriya ta fi kowace ƙasa a duniya noma shi, Nijar tana biye da ita. Abin da muke ci da mai da yaji mu kira garau-garau, har mu ji kunyar ba baƙo, can abincin biki ne. Riɗi ma daga nan ya je. Hatta lemon kwalbar da ya raka abincin namu a teburi, wanda aka fara haɗawa a birnin Atlanta a 1886, rabin sunansa na goro ne.

A nan zan ja wa kaina birki, don na san halinmu na son cewa komai namu ne. Ba Hausawa ne suka ƙirƙiri gambo ba. Hausawan da ƙaddarar bauta ta faɗa wa a ƙarni na 19, akasarinsu Bahiya ta ƙasar Barazil aka kai su. Tukunyar Luwiziyana hannaye da yawa ne suka tuƙa ta. Soya fulawa a mai har ta yi duhu kafin a tsayar da ruwan miya dabarar Faransawa ce, akwai kuma hannun Sifaniyawa da Jamusawa. Sa'an nan girkin nasu na asali cike yake da naman alade, wani lokaci har da giya, don haka ɗalibanmu da ke can su riƙa tambaya kafin su kai loma. Ɗan wana ya ce shi kifi da wake suka riƙe shi. Kuma bashi ne aka ci juna. Barkono da tumatir da masara da gyaɗa da rogo duk daga nahiyar Amurka suka zo mana. A cire gyaɗa da barkono, a gaya mini da me za a yi ƙuli-ƙuli da yajin tsire. Teku ya kai, ya kuma kawo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda abincin talaka ya zama abin alfahari. Akwai lokacin da kalmar Kejun zagi ce, daidai da a ce wa mutum baƙauye. Tsarin mulkin jihar na 1921 ya wajabta koyarwa da Ingilishi, aka riƙa hukunta yaransu in sun yi Faransanci a makaranta, kamar yadda aka ci mu tara a firamare saboda laifin yin Hausa a aji. Suka tashi suna jin kunyar harshensu da tukunyarsu. Sai a 1968 jihar ta kafa hukumar farfaɗo da harshen. A 1979 wani ɗan manomi mai suna Paul Prudhomme, auta a cikin 'ya'ya goma sha uku, wanda ya koyi girki a gindin murhun mahaifiyarsa, ya buɗe ƙaramin gidan abinci a Niyu Oliyans. Ya riƙa shafe kifi da man shanu da yaji yana gasawa a kaskon ƙarfe mai tsananin zafi har bayansa ya yi baƙi. Kafin a ce kwabo, mutane sun fara yin layi a titi, sunan Kejun ya zaga duniya, har ga shi ya iso Nassarawa.

Akwai kuma wata baƙar fata, Leah Chase, wadda ta riƙe gidan abincin dangin mijinta mai suna Dooky Chase a birnin. A zamanin da doka ta hana baƙi da farare zama wuri ɗaya, a benen gidanta jagororin neman 'yanci irin su Martin Luther King da lauya Thurgood Marshall suke ganawa, ana shawara ana shan gambo. Ambaliyar guguwar Katrina ta 2005 ta cinye gidan, ta sake gina shi tana da shekara fiye da tamanin. A 2008 Barack Obama ya je yana neman ƙuri'a, ya ɗauki kwalbar yaji zai zuba a miyarta tun bai ɗanɗana ba, ta tsawata masa kamar ɗan cikinta. Ta rasu a 2019 tana da shekara 96. Tun a 2004 kuwa majalisar jihar ta ayyana gambo a matsayin abincin jiha a hukumance. Miyar kuɓewa ke nan fa.

Na ce wa ɗan nawa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, ranar Juma'a ni zan ɗauki nauyi. Muka fito daga Indabo da hantsi muka nufi Wudil.

Wanda bai ga Wudil ranar Juma'a ba, bai ga Wudil ba. Kara ta cika da shanu, manyan motoci suna lodi zuwa Kudu, dillalai suna tafa hannu, ƙura ta tashi har tana rufe rana. Motocin Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno duk ta gadar nan suke bi. Mota ba ta gama tsayawa ba farantan kifi sun kewaye ta. Ga karfasa an tsaga mata gefe ta soyu ta yi ja, ga tarwaɗa an lanƙwasa, ga ƙananan kawara masu ƙaras-ƙaras da ake ci har ƙaya. Bayan an sauko daga masallaci na ja shi wurin wani dattijo da na daɗe ina ciniki da shi, ɗan gidan masunta ne kaka da kakanni. Ya tsamo mana daga kasko, ya barbaɗa yaji, ya yanka albasa, ya naɗe a takarda.

Ɗan wana ya ɓare tsoka ɗaya ya sa a baki, ya lumshe ido. Ya ce, "Baffa, wannan ya fi na Laraba." Na san ba kara ya yi mini ba, don sai da ya tsotse kan tas. Abin da na biya bai kai kuɗin lemon da muka sha a Nassarawa ba.

To amma a ina muka ci? A tsaye, a bayan wata tirela, muna kare kifin da hannu saboda ƙura, hayaƙin mota yana shiga mana hanci. Babu benci, babu ruwan wanke hannu sai na leda da muka saya. Man da ke kaskon ya yi baƙi ƙirin, Allah kaɗai Ya san kwana nawa ya yi yana komawa wuta. Takardar da aka naɗe mana kifin tsohuwar jarida ce, kuma ban cire tsammanin wannan shafin da kuke karantawa ma can zai ƙare ba. Ga yara mata 'yan shekara tara zuwa goma suna kutsawa tsakanin tayoyin manyan motoci da faranti a ka.

Na tambayi dattijon, "Malam, tsakaninka da Allah, kifin nan duk na kogin nan ne?" Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai ka san amsa. Wani na nan ne, wani daga Tiga, wani daga Haɗeja. Tarwaɗar kuwa ta kiwo ce. Lokacin mahaifina in an jefa birgi sai an taya mutum ja. Yau sai ka wuni a kan gora ka dawo da abin da bai cika ƙwarya ba. Giwan ruwa kuwa, yarana a labari suke jin sa."

Ruwa ba ya tsami banza. Kogin da ya ratsa Wudil haɗuwar kogin Kano ne da na Challawa, kuma an datse kowannensu, Tiga a 1974, Challawa a 1992. Ba na cikin masu tsine wa madatsun nan, don da ruwan Tiga ake noman shinkafa da tumatir a Kura da Bunkure da Garun Malam, da shi kuma birni yake sha. Sai dai kifi yana hayayyafa ne idan kogi ya cika ya malala cikin fadama, kuma wannan malala ta ragu. A can ƙasa wajen Haɗeja da Nguru ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Dagwalon masana'antun Sharaɗa da Challawa, musamman na jima, ya daɗe yana gangarowa cikin kogin. Masu ɗibar yashi suna yashe gindinsa dare da rana. Mu kanmu ba mu tsira ba, don akwai masu kamun kifi da gidan sauro, su kwashe uwa da 'ya'ya har da jikoki. Hukumomi sun sha faɗin cewa ƙasar nan tana buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Shi ya sa za ka ga kifin ƙanƙara da aka kamo a tekun Turai ana soya shi a bakin kogin Wudil.

Ga wani abin takaicin. A watan Maris na 2018 Amurka ta dakatar da shigar da tarwaɗa daga Najeriya, har da bandarta, saboda ba mu cika takardun da ke nuna yadda muke duba lafiyar kifi ba. Kafin nan, a 2015, Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa a rumbu, aka kuma yi ta tsawaita hanin. Wato wake da tarwaɗar da suka yi wa wasu suna a duniya, mu masu su an ce mu tsaya a bakin ƙofa. In Bature ya ƙi waken saboda guba, wa yake cinye shi? Ni da kai ne da 'ya'yanmu.

Na san abin da wasu dattawa za su ce, domin an faɗa mini a zaure tun kafin in ɗauki alƙalami. Za su ce cin abinci a waje ba tarbiyyarmu ba ce, kuma gyara wurin cin kifi kira ne ga magidanta su bar tuwon gida. Maganar tana da tushe. Malaman fiƙihu sun lissafa ci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage mutuncin mai ba da shaida, ga wanda ba al'adarsa ba ce. Ciyayyar da muke yi a ƙofar gida bayan magariba, kowa ya fito da kwanonsa, maraya da baƙo su sa hannu ba a tambaye su ba, ta fi kowane gidan abinci albarka, kuma ba na fatan abin da zai kashe ta.

Sai dai Bahaushe matafiyi ne tun fil azal. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro ba da matansu suke tafiya suna tuƙa musu tuwo ba, a zango suke saye. 'Yan tuwo-tuwo da masu waina da masu fura sun girmi kakanninmu. Yau a Wudil akwai jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, akwai Kwalejin 'Yan Sanda, ga dubban direbobi da 'yan kasuwa. Duk waɗannan a waje suke ci, ko mun so ko mun ƙi. Tambayar da ta rage ita ce, a cikin ƙura za su ci ko a inuwa? Kunyar nan tamu ba ta hana kowa ci a waje ba, gyaran wurin kawai ta hana. Da mai kuɗinmu ya tashi fita da iyalinsa, sai ya wuce gada da gilashi a rufe, ya je birni ya biya ninki goma a kan tarwaɗar da wataƙila daga kududdufin kiwo na ƙauyensu aka kamo ta. Mun zama inuwar giginya, na nesa ka sha.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar kwangilar biliyoyi. Ƙaramar hukuma ta ware fili a gefen kogi, nesa kaɗan da kwalta, ta yi rumfuna da benci da famfo da makewayi, da wani sashe mai labule inda mutum zai zauna da iyalinsa. A ba masu kifin da suke wurin yanzu, kada a kore su a kawo 'yan uwan manya. Su kuma masu sana'ar, ƙungiyarsu ta sa wa kanta doka a kan mai da rufe abinci da abin naɗi, tun kafin wani ya zo ya sa musu. Matan da ke soya kifi da ƙosai a cikin gida a samar musu rumfa guda da za a riƙa karɓar kayansu ana sayarwa, don 'yar da ke tsakanin tayoyi ta koma aji. Jami'ar da ke garin tana da sashen kimiyyar abinci. Ina laifin ɗalibai su riƙa auna man kasko da ruwan kogi suna gaya wa jama'a abin da suka gani, su kuma shiga ƙauyuka su rubuta yadda tsofaffi suke girki? Sarakunan ruwa da masu unguwanni su dawo da hutun su a lokacin da kifi yake ƙwai, a kuma hana raga mai ƙananan ido. Argungu ta fara bikinta a 1934, a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. A 2021 Senegal ta samu irin wannan matsayi da shinkafa da kifinta. Wudil ba ta rasa kogi ba, ba ta rasa hanya ba, ba ta kuma rasa baƙi.

Amma a yi hattara, don labarin Prudhomme yana da wutsiya. Da kifinsa ya yi farin jini, sai masu manyan jirage suka far wa irin wannan kifi a teku, har kafin ƙarshen shekarun 1980 sai da hukuma ta hana kama shi don sayarwa. Suna yana iya cinye kogi kamar yadda sakaci yake cinye shi. Haka kuma in gyara zai sa ɗan dako da almajiri su kasa sayen kifin da suke saye yau, to ba gyara aka yi ba. A fara da kogin, a kuma bar wa talaka bencinsa.

Da yamma muka koma Indabo. Gwaggo, wadda ta haura tamanin, ta sa an tuƙa tuwon dawa, ita kuma da hannunta ta kaɗa miyar busasshiyar kuɓewa da bandar kifi. Ɗan wana ya buɗe wayarsa ya nuna mata hoton gambo, ya ce, "Gwaggo, kin ga miyarki a Amurka." Ta kawo wayar kusa da ido ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Suna sa daddawa?" Ya ce a'a. Ta ce, "Kanwa fa?" Ya ce babu. Ta miƙa masa wayarsa ta ce, "Allah Sarki, bayin Allah. Nisa ne ya yi musu yawa."

Ya ce ta gaya masa awon komai ya rubuta. Ta ce ita ba ta san awo ba, hannu ne yake sani. Na dubi tsakar gidan, jikokinta mata shida, kowacce ta iya dafa taliyar leda da ɗanɗanon kanti, babu wadda ta taɓa tsayawa ta ga lokacin da take jefa kanwar nan. Matan da aka tsallaka da su teku cikin sarƙa sun riƙe miyarsu shekara ɗari uku. Mu da ba wanda ya kore mu daga gida, tamu tana neman suɓucewa a hannunmu. Washegari da safe na ga yaron ya ɗauko kujera 'yar tsugunne ya zauna a bakin murhu, ya kunna wayarsa, ya kira ƙannensa biyu ya ce su zo su gani.

Batun taki yana nan, ban manta ba. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.